Bakin Garma Guda Shida

Litinin, 24 ga Yuni, bayan la'asar

Jiya an yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙu sosai. Yau an ɗaura su duka shida.

Bari in rubuta a tsare, tunda Dakta Abdulƙadir, malamin da yake duba aikina a jami'a, ya ce kome na gani in sa a takarda. Bakin garmar shanu ne guda shida. Na yanko su daga farantin ƙarfe a Kano, aka goge su har mutum yana ganin fuskarsa, sannan aka yi musu baƙin rufin nan a ɗakin gwaji. Rufin kabon ne, ɗan'uwan gawayi, amma an tsara shi yadda taurinsa ya kusa na daimon. Kaurinsa kuwa, a tsaga gashin kai gida talatin, to ɗaya daga ciki. A na'urar awon tauri ya haura dubu biyu. Yashin gonakinmu, wanda shi ne yake cinye bakin garma, bai fi dubu da ɗari ba. Ke nan yashi ba zai iya da shi ba.

Bana babu mai zancen tarakta, man dizal ya gagari kowa. Duk gari an koma kan shanu, shi ya sa maƙerar Baba ta cika tun hantsi. Da na gama yi masa bayani ya ɗauki ɗaya yana juyawa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wato gawayi ne?" Na ce kusan haka. Ya ce, "To, ai mun saba da shi."

Na yi gwajin magagari a gaban jama'a. Na goga a kan nawa, ya zame, ko ƙwarzane babu. Na ɗauki na Baba, wanda yake ƙerawa da sifirin tsohuwar mota, na goga, ya ci. Mutane suka ɗauki salati. Na yi wata magana a wurin, aka yi dariya.

Manoma shida suka karɓa. Malam Usaini, abokin Baba tun ƙuruciya, shi ne na farko, Muntaka mai shanu huɗu na biyu. Na auna nauyin kowanne na rubuta. Baba ne ya ɗaure notunan da hannunsa.

Talata, 25 ga Yuni, da hantsi

Yau har Liman ya kira ni Injiniya. Jiya Baba bai ci tuwo tare da ni ba, wai ya ƙoshi.

Laraba, 26 ga Yuni, bayan azahar

Na je gonar Malam Usaini da ɗan sikelina. Na same shi yana hutawa a gindin gawo, shanun suna tsaye, garmar tana kwance a ƙarshen kunya. Na durƙusa na share ƙasar da yatsa.

Innalillahi.

Baƙin ya tafi. Ba gogewa ya yi ba, farfashewa ya yi ya zube, saura 'yan ɗigo-ɗigo kusa da noti. Bakin kansa ya lanƙwashe ya naɗe. Kwana biyu kacal! Na Baba yakan kai ƙarshen damina.

Ina durƙushe na gane abin da ya faru, ban ma sha wahalar tunani ba. Ƙarfen da ke ƙarƙashi mai laushi ne. Tsakuwa ta danna, ƙarfe ya lotsa, rufin ba ya lanƙwasa sai dai ya fashe. Kamar ka ɗora ɓawon ƙwai a kan malmalar tuwo ka taka. Wannan yana cikin littafi. Na karanta shi, na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa.

Malam Usaini ya ɗaga murya daga inuwa, "Injiniya, yaya ka gani?" Na damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa na shafe bakin da ita, na ce, "Lafiya lau, Malam." Ya ce ai shi ya sani.

Na biya gonar Muntaka. Nasa ma haka. Ina fitowa na hangi Baba a kan hanyar, da buhun gawayi a bayan keke. Ya tsaya suna gaisawa da Muntaka, idonsa yana kan garmar. Na bi ta cikin gero.

Alhamis, 27 ga Yuni, da asuba

Zan tafi Kano. Na ce Dakta ne ya kira ni. Bai kira ni ba.

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma, unguwar Bacirawa, Kano

Ina ɗakin wani abokin karatuna. Waya a kashe. Ya tambaye ni gwaji, na ce ana kai.

Litinin, 1 ga Yuli, da rana

Zazzaɓi nake ji, amma jikina babu zafi. Duk sanda na rufe ido sai in ga hannuna da ƙasar nan ina shafawa. Babban mutum da digiri, yana ɓoye ƙarfe da laka.

Dakta ya faɗa mini tun farko, ya ce nemo ƙarfen da aka ba wa ruwa, wato aka ƙona shi aka tsoma a ruwa ya yi tauri, a kansa za a yi rufin. Na san inda ake samunsa. A gidanmu ake samunsa, a ƙofar ɗakin da aka haife ni. Amma a makaranta abin da nake cewa shi ne mahaifina yana harkar ƙarafa. Ban so in shiga ɗakin gwaji da abin da yake ɗauke da sawun guduma, wani ya ce daga ina. Na sayi faranti mai santsi a kasuwa na ce da kaina ai rufin ne zai yi aikin.

Laraba, 3 ga Yuli, bayan magariba

Na dawo. Na sauka a bakin titi na biyo bayan gari don kada in gamu da kowa, sai ga Malam Usaini da shanunsa. Na tsaya ina jiran abin da zai zo.

Rungume ni ya yi. Wallahi rungume ni ya yi! Wai tun da yake noma bai taɓa ganin bakin garma irin wannan ba, mako guda yana huɗa a gonar tsakuwa ko gezau. Shi ya ci gaba. Ya ce ranar da na tafi Dabo, haka yake kiran Baba, ya bi su ɗaya-ɗaya ya kwance bakunan, wai na bar sallahu a ƙara musu shafi na biyu. Ranar Asabar ya mayar musu da su baƙi ƙirin. Da aka shiga gona baƙin ya goge, Muntaka ya je da ƙorafi, Baba ya ce masa ba gogewa ya yi ba, cikin ƙarfen ya shige, kamar yadda magani yake shiga jiki.

Na ce, "Baba ne ya faɗi haka?" Ya ce, "Da bakinsa. Kai ba haka ka ce masa ba?"

Na ce ina jin fitsari, na wuce.

Alhamis, 4 ga Yuli, da hantsi

Na kwance na Malam Usaini na ɗora a sikeli. Ya fi nauyin da na rubuta ranar farko. Ƙarfe dai ba ya ƙiba.

Na juya bayansa. An goge, an yi ƙoƙari ƙwarai a goge, amma ga sawun masaba nan a jere, ɗan karkace zuwa hagu. A cikin sautin bugun nan na tashi, ko a cikin dubu zan gane hannun. A ramin noti akwai sauran baƙi, na sa farce na kankaro, na sansana. Ƙonannen man gyaɗa ne.

Na ɗaura masa abinsa na ce kome daidai.

Juma'a, 5 ga Yuli, bayan sallah

A masallaci mutum uku suka ce in sa su a layi. Na ce to.

Baba ya gaishe ni da dawowa, ya tambayi Dakta, ya tambayi hanya. Ni ma na tambaye shi aiki. Shi ke nan hirarmu.

Lahadi, 7 ga Yuli, da la'asar

Yaya Asiya ta zo daga gidanta ta same ni a ɗaki. Ba ta yi sallama ba, ba ta zauna ba.

"Sannu Injiniya."

Na ce, "Yaya, don Allah."

"Don Allah me? Ka ga hannuna?" Ta buɗe tafin, duk ya yi bororo ya fashe. "Kwana biyu ina zuga. Ni, mace, da aurena. Ya rufe ƙofar maƙera ya aika a kira ni, don ba ya so wani namiji a garin nan ya gani. Sifirin da ya ajiye na aikin damina gaba ɗaya, shi ya ƙone a kanka. Shekararsa nawa, Ja'afaru? Ka san ranar ta biyu a zaune ya yi sallah?"

Ta ci gaba.

"Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba gudun da ka yi ba. Maganar nan." Ta gyara murya ta kwaikwayi tawa, har da yadda nake ɗaga hannu. "'Shekara arba'in Baba yana sayar muku da tuwo kuna ɗaura wa shanu.' Har cikin gidaje mata suna maimaitawa. Tuwon da aka sayar aka kai ka makaranta!"

Ban rubuta maganar ba ranar Litinin ɗin. Na ɗauka in ban rubuta ba za ta ragu. To ga ta nan, ita ce.

Na ce wasa nake yi. Ta ce, "Shi ma ya yi dariya ai, ba ka gani ba? Ya yi dariya ya ɗaure maka notunanka." Ta fita ta bar labulen a ɗage.

Litinin, 8 ga Yuli

Ban faɗa ba.

Laraba, 10 ga Yuli, da yamma

Baba ya je kasuwar Zakirai da baki tara da ya haɗa daga guntayen da suka rage. Tara ya dawo da su. Ban ji daga bakinsa ba, Yaya ce ta ji daga mijinta. Labari ya riga shi zuwa. Duk wanda ya tsaya sai ya ce ina baƙin, na ɗanka. Baba ya ce sun ƙare. Muntaka ya zo wucewa ya ɗaga ɗaya ya ce, "Dabo, waɗannan na tuwon ne?" Aka yi dariya. Yanzu sunan da ake kiransu ke nan, na tuwo.

Da zai shafa musu mai da tuni sun ƙare a hannu. Kwalbar tana nan a kan katanga, na gan ta. Bai taɓa ta ba tun shidan nan. Mutumin da in zai sayar maka da fartanya sai ya nuna maka inda ta yi rauni, ka saya ko ka bari. Tun ina ƙarami ake kawo masa rabon gardama saboda an san ba ya ƙara ko kalma. Na sa shi ya tsaya a gaban Muntaka ya ce baƙi ya shige cikin ƙarfe.

Inna ta koma girki sau ɗaya a rana. Ta ce wai zafi ne, abinci yana lalacewa. Na leƙa rumbu, ana ganin ƙasansa.

Alhamis, 11 ga Yuli, da hantsi

Dakta ya kira, wannan karon da gaske. Yana son alƙaluma. Ina da su kuwa, masu kyau: mako guda a cikin yashi tun awon da na sake yi musu bayan na dawo, abin da ya ragu daga kowane baki ɗan kaɗan ne. In na tura masa haka zai yi murna, a buga a mujalla, da sunana a sama. Na daɗe da wayar a kunne ina kallon takardar.

Na ce, "Dakta, rufin ya fashe a kwana biyu. A kan ƙarfe mai laushi na sa aka yi. Alƙaluman da ke hannuna na wani ƙarfen ne."

Dariya ya yi. Ya ce, "Ja'afaru, ai wannan ma sakamako ne. Rubuta shi yadda ya faru, da hotuna in akwai. In ka dawo mu taurara ƙarfen tukuna mu sake." Ya tambayi ruwa a wajenmu, ya kashe.

Minti huɗu. Na duba a wayar. Abin da na yi mako biyu ina mutuwa a kansa, minti huɗu. Na ji sanyi har na ci abinci. Na ce ashe haka faɗar gaskiya take da sauƙi.

Asabar, 13 ga Yuli

Na je ƙofar maƙera sau biyu na dawo.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan azahar

Da safe na shiga. Babu kowa, wuta ma bai hura ba, yana zaune yana gyara fatar zugazugi. Na durƙusa nesa da shi.

"Baba, na sani."

Bai ɗago ba. "Me ka sani?"

"Na Malam Usaini da sauran. Naka ne."

Ya ci gaba da ɗinkinsa har ya kai ƙarshen layi, ya ciji zaren. Sannan ya ce, "Na goge bayan sosai fa."

Na ce hannunsa ba ya ɓuya. Ya ɗan yi murmushi, wallahi har ya ji daɗi, wannan ya fi kome karya mini zuciya. Na fara ba shi haƙuri a kan maganar ranar. Ya ɗaga hannu ya ce in bari.

"Abu ɗaya zan tambaye ka," in ji shi. "Abin nan naka yana da tauri, na gwada da kaina, magagari ba ya cinsa. Amma ƙarfen ɗanye ne. Me ya sa ba ka kawo na ba shi ruwa ba kafin a shafa?"

Yana kallona yana jira, tsakani da Allah yake tambaya. Na ce lokaci ne ya ƙure. Ya ce, "Allah sarki." Ya yarda.

Na ce zan faɗa wa mutane, ranar Juma'a, a gaban kowa. A nan ya ajiye zugazugin.

"Ka faɗa musu me? Cewa Dabo ya bi gida shida ya yi ƙarya? Ni na kwance, ni na shafa, ni na ce ya shige ciki. Kai ba ka nan."

"Baba, suna kiran aikinka tuwo."

"Su kira. Ƙarya ɗaya na yi a garin nan, Ja'afaru, ina istigfari a kanta kullum. So kake a tara jama'a a karanta musu ita?"

Na tambaye shi ina nawa shidan, in nuna su, a ga laifin nawa ne. Ya nuna kwandon da ke gefe. Ƙusoshi ne da sakatar ƙofa. Ya ce ƙarfen yana da daɗin lanƙwasa, bai kamata ya tafi a banza ba.

Laraba, 17 ga Yuli, da yamma

Yaya ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Inna ta ce a bar maganar nan don Allah. Baba kuwa yana fita da asuba ya zauna a maƙera har la'asar, bugu ɗaya ban ji ba.

In na yi shiru sunansa na ƙira ya tafi. In na yi magana na mai da shi maƙaryaci. Duk biyun ni ne.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Na faɗa.

Bayan an sallame, mutane suna neman takalma, na miƙe a gindin darbejiyar ƙofar masallaci na ce jama'a a saurare ni. Ban rage kome ba. Na ce nawa sun lalace a kwana biyu. Na ce na shafe na Malam Usaini da laka, na gudu Kano. Na ce abin da ke jikin garmunansu ƙirar Baba ce, da sifirin mota, irin wanda suka saba saya, man gyaɗa kawai aka ƙona a kai. Na ce ni na jefa shi a ciki, kome aka faɗa musu a wuyana yake. Na ce maganar da na yi ranar farko maganar ɗan banza ce.

Na tsaya ina jiran zagi, ina ma so a zage ni.

Malam Usaini ya share ido da bakin rawani. Ya juya wajen Baba ya ce, "Dabo, ka haifu. Wallahi ka haifu." Ya dubi mutane. "Kun ji ɗan halak? Ya ga kasuwar ubansa ta mutu, zai ɗauki aikinsa na boko ya ba shi. Wa zai yi wannan a zamanin nan?"

Na ce, "Malam, ba haka ba ne!"

Muntaka ya ce, "Haba Injiniya, da idonmu muka ga magagari. Shekara nawa muna ɗaura na Dabo? Mun san yadda yake." Bai sani ba. Bai taɓa kwance baki ya duba ba sai ya ƙare, babu wanda ya taɓa yi. Sai da aka ce musu abin mamaki ne suka fara kallo.

Na ce wallahi tallahi. Liman ya dafa kafaɗata ya ce kada in yi rantsuwa, Allah ya ga niyyata, ladan biyayya yana nan. Wani daga baya ya ce a tambayi Dabo mana. Kowa ya juya.

Baba yana tsaye da takalmansa a hannu. In ya ce eh, ya yi musu ƙarya. In ya ce a'a, ya ƙara wata, a ƙofar masallaci. Ya ce, "Ku bar shi haka nan." Ya sa takalmi ya tafi.

Aka yi ta shi mini albarka har gida. Mutum biyu suka riƙe hannuna.

Asabar, 20 ga Yuli, da hantsi

Inna ba ta ɗora tukunya ba jiya. Ta ce babu wanda yake jin yunwa.

Da sassafe surukin Malam Usaini ya zo daga Zakirai a kan babur, yana son guda biyu, baƙaƙe, ba na tuwo ba. Ina cikin soro ina jin su. Na jira Baba ya ce sun ƙare. Sai na ji ya ce wa mutumin ya dawo da azahar.

Na ji ya hura wuta. Na shiga na zauna a wajen zugazugi, bai hana ni ba. Ya ɗauko biyu daga cikin taran nan, ya goge bayansu a hankali, ya ɗora a bakin wuta su ɗauki zafi. Na ce a raina yanzu zan ce kada ya yi, zan ce a bari ni in fita in sake gaya wa mutumin.

Ya juya su da awartaki. Bai kalle ni ba.

"Miƙo mini man nan," ya ce.

Na miƙa masa.